Wa Ya Ɗura Bindigar Sallau?

Har yau, tsakanin Ɗan Gulbi da Dakoro, in hira ta yi hira sai ka ji wani ya ce bindigar Sallau ita ke ɗura kanta. Yaro ya ji a bakin kakarsa, ya girma ya faɗa wa nasa jikan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce, "To, da wane hannu?" Mutane sun fi son a ɗora wa aljani, don aljani ba shi da dangi a gari, ba a jin nauyin zaginsa. Ga yadda abin ya faru, mai hankali ya auna.

Tun Nasara bai sa ƙafa a ƙasar nan ba, lokacin da Larabawan Turabulus suka haukace da neman gashin jimina, akwai wani ɗan ƙauye a bakin dajin arewa, ana ce masa Gidan Maraya. A nan Sallau yake, maharbi ɗan maharbi. Gidansu akwai tsohuwarsa Inna, da ƙanensa Harisu, da matarsa Lalla, da ƴar ɗiyarsu Ma'u. Ubansa ya rasu ya bar masa doguwar bindiga mai ƙanƙara, da wani baƙin akushi da mazan gidan ke cin tuwo a ciki tun zamanin kakanni. Ya kuma bar masa wata tarbiyya da ya dasa masa da bulala: maharbi ba ya ɗaga ƙafa daga inda ya yi harbi sai ya sake ɗuri, don ba naman da ka harba ke kashe ka ba, na bayansa ne. Abin ya shiga hannun Sallau kamar yadda kaɗi ke shiga hannun mace, tana murza mazari tana hira, ba ta ma san tana yi ba.

Kowace shekara wani Buzu mai suna Agali yakan sauka da ayarinsa a bakin rijiyar garin, yana sayen fatar jimina da gashinta. Fata ɗaya mai kyau takan tufatar da gida. Sallau kuwa jimina ta ƙi shi. Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe cikin ƙarangiya har gwiwoyinsa suka yi kanta, amma tun yana bayan tudu take hango shi ta ba iska. Sai ya dawo da zabo ɗaya a hannu, ya tarar da Agali a kan raƙumi, shuni yana ƙyalli a rawaninsa. Gidan Sallau ba a kwana da yunwa. Ido ne ya hana shi barci, ba ciki ba.

Ran nan ya ja baƙin bunsuru ya nufi wurin Ɗangoggo.

Ɗangoggo boka ba ya zama cikin mutane. Bukkarsa tana bakin wata matacciyar rijiya, kufan wani gari da ya watse. Ba ya ganin baƙo sai rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. Tun Sallau bai hango bukkar ba wari ya tarbe shi. A gindin wata busasshiyar aduwa akwai suri, an yi ta kwarara masa jini shekara da shekaru har ya yi baƙi yana maiƙo, gashin kaji ya manne masa kamar ƙazuwa. An kafa ƙoƙon kan kura a bisa, an cusa jan tsumma tsakanin haƙoranta. A gefe wata tukunya ce rabinta a binne, abin da ke ciki yana motsi, ba kuwa iska ke kaɗa shi ba. Ƙudaje, korayen nan manya, suka tashi suka sauka a leɓen Sallau. Bokan yana zaune a kan fatar da ba a jeme ba, yana sakace da tsinken ƙashi.

"Maharbi," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Gwiwarka ta yi sallama kahin bakinka. Mi kake biɗa?"

"Jimina, Baba."

"Jimina na daji. Wa ya ɗaure ka?"

"Na gaji da rarrahe kamar jinjiri. So nike ta tsaya mini."

"Arziki kake so, kake laɓewa bayan tsuntsuwa. Mi ka kawo?"

Sallau ya jawo bunsurun. Ɗangoggo ya yi dariya har majina ta fito masa, ya share da bayan hannu.

"Wanga na ƙudaje ne. Masu wurin ga ba su cin akuya."

"In mutum ne, Baba, ban iyawa. Ni Musulmi ne."

"To sannu, Malam! Salla ka taho yi nan? Wa ya ambaci mutum? Akwai akushi gidanku?"

"Akwai na tsohona."

"Kawo shi. Kada a wanke."

"Shi ke nan?"

"Baƙi ne, suna son su ci inda kuke ci. Abu guda dai: akushi in an aje shi, ba a ɗauke shi sai an suɗe."

Masu ba da labari sukan ce yaudarar Sallau aka yi. Ƙarya ne. Mutumin da ke karanta sawun gada a kan tsandauri ba zai kasa karanta wannan magana ba. Ya ji tambayar ta taso masa har bakin harshe, ya haɗiye ta, don ya san in ya tambaya za a faɗa masa, in an faɗa masa kuwa ba shi da sauran inda zai ɓuya wa kansa.

Washegari ya kawo akushin cikin burgami, da busasshiyar miyar jiya a jikinsa. Boka ya yanka bunsurun a ciki, ya barbaɗa albarushi, ya tofa yawu, ya ɗebo daga tukunyar nan ya ƙara, ya dama da hannu. Ya ɗura rabi a bakin bindiga. Sauran ya ce Sallau ya sa yatsa ya lasa. Ya lasa. Amai ya taso masa, boka ya kama masa baki ya ce, "Maida shi." Ya maida. Aka kife akushin a gindin suri aka rufe da ƙasa.

Daga ranar jimina ta daina gudunsa. Tsaye yake zuwa, ba burtu ba rarrafe, sai ta miƙe wuya ta zuba masa ido har ya ɗana kunama. Kafin shekara ta kewayo Sallau ya hau raƙumi. Rumbuna suka jeru a bayan gida, ga kantun gishiri, ga turkuɗi, ga garken tumaki. Tsakar gidan kuwa ta koma kwata: fatu a shanye ko'ina, kitse yana narkewa a tukwane, tsutsa tana bin gindin danga. Amma ba wanda ya toshe hanci. Sa'adu Sarkin Baka, shugaban maharban garin, cinya ake kai masa. Liman Malam Mahamman ya sami riga da rago. Mai gari ya sami goɗiya. Bakin da ke tauna ba ya tambaya.

Ma'u ce ta fara tafiya, ita da ke zama kusa da maza tana jiran su tashi ta suɗe akushi. Ta kumbura kamar salka, fatarta ta tsattsage, ta cika. Sai Lalla, mai cin ragowar mijinta. Ta fara tafiya tana miƙa wuya, tana kallon mutane da ido ɗaya, tana tsintar tsakuwa tana haɗiyewa. Aka ɗaure ta, ta ci ƙasar ɗaki. Ranar da ta rasu, matan da suka yi mata wanka sun ji cikinta yana ƙara kamar jakar duwatsu. Gari ya ce hassada ce ta maƙiya. Sallau ya karɓi gaisuwa cikin sabuwar riga.

Harisu ne kawai ya daina cin naman gidan. Ya koma kan ƴan tumakinsa. Wata rana ya tare wansa a bakin danga.

"Yaya, ina akushin Baba?"

"Ya tsage, na yar."

"Inna ta ce itacen ga ya girme ta, bai taɓa tsagewa ba. Ina ka yar da shi, in ɗauko ko ɓarin ne?"

"Kai ne mai gidan ga ko ni?"

Harisu ya dube shi, ya juya ya tafi. Wannan kallon ya tsaya wa Sallau a rai kamar ƙaya.

A bazarar nan jimina ta koma gudunsa. Ya yi ta yawo, ko gashi ɗaya bai samu ba, ga Agali ya sauka yana jira. Sai ya koma kufai.

"Saura loma biyu a akushi," in ji Ɗangoggo. "Kai da ƙanenka. Sun gaji da ɗauka da kansu, a miƙa masu suke so. In ka miƙa guda, wataƙila su mance da gudar."

"Wataƙila?"

"Ni ban saida tabbas."

Da hantsi Harisu ya kai tumakinsa gindin wani babban gawo a bayan gari. Ya tuɓe takalmansa ya jera, ya hau yana karkaɗo masu ƴaƴan itacen. Sallau ya bi ta cikin sabara da rarrafe, irin rarrafen da ya ce ya gaji da shi, har ya zo ƙarƙashin reshen. Ya durƙusa, ya ɗaga bakin bindiga sama. Harisu ya faɗo kamar damen hatsi. Tumaki suka watse. Sallau ya daɗe a durƙushe, kunnuwansa suna ƙugi, idonsa a kan ƙafar ƙanensa da ke shure-shure, hannuwansa suna ta aikinsu shi bai san suna yi ba. Da ƙafar ta daina motsi ya tashi, ya tokare gindin bindigar da saiwar gawo, ya kwantar da bakinta wajen gawar, ya zaga ta wata hanya ya koma gida ya jira a kira shi.

Kafin azahar duk gari yana gindin gawo. Maganar da ke gaban mai gari ɗaya ce. In kisa ne, dole a nemo mai kisa, ga kuma ayarin Buzaye a bakin rijiya, ba wanda ke son rigima da su. In kuwa Harisu ne ya kashe kansa, ba a bin kowa. Sallau ya san ransa a kan wannan magana yake rataye. Bindigar tana nan inda ya aje ta, ba mai taɓawa, kowa na tsoron bindigar Sallau.

Sarkin Baka ya tsuguna, ya karyo kara, ya zura a raunin kamar mai gwada zurfin rame.

"Ranka shi daɗe, ku duba. Nan ta shiga, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Nan ta hita, bayan kahwaɗar dama. Dalma hawa ta yi. Wanda ya tsaya gaban mutum ya harbe shi, dalma a miƙe take tahiya."

"Mu kuwa bisa raƙumi muke," in ji Agali daga cikin rawani. "Da namu ne, da gangarowa ta yi. Kuma mu da takobi aka san mu."

"Ba wanda ya ambace ku," mai gari ya yi maza ya ce.

"Ga gindin bindiga a tokare da saiwa," Sarkin Baka ya ci gaba. "Ya ɗora bakinta a ciki, ya taka kunama da babban yatsa. Shi ya sa ya tuɓe takalma."

"Ya tuɓe takalma don shi hau itace, Sa'adu."

Inna ce, ta ratso maza tana dogara sanda. Tsufa ya riga ya ɗauke mata kunyar taro. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Harisu a cinyarta.

"Dubi ƴaƴan gawo a zube. Wanda zai kashe kanshi ne zai tsaya ciyar da tumaki?"

"Iska ta kaɗo su, Inna."

"Wace iska? Tun sahe ganye ya motsa? Kuma wanda ke bisa itace, in an harbe shi daga ƙasa, dalma ba hawa za ta yi ba?"

Sarkin Baka ya sosa ƙeya. "Za ta yi. Amma ga bindiga kusa da shi."

"Bindiga ƙahwa gare ta? Ni na zauna da maharbi har ya tsuhwa. In bakin bindiga ya taɓa nama, babbake shi yake. Ina ƙuna a jikin ɗana?"

"Jini ya wanke."

"Jini na wanke wuta? Maiƙon cinya dai ya toshe maka ido."

Wani ya yi dariya a baya, ya maida ita tari. Sai Sallau ya fashe da kuka, kuka mai ƙarfi, har da dukan ƙirji.

"Ranka shi daɗe, ban so in tona asirin ɗan'uwana ba. Abin da ya taɓa Lalla ya taɓa shi. Kwanakin ga shina magana shi kaɗai, ya daina cin abinci da mu, kowa ya gani. Da sahe ya ce in ara mai bindiga, dila na damun tumaki. Da na sani!"

Kawuna suka gyaɗa. Kowa ya sami abin da yake so. Malam Mahamman ya gyara rigar da Sallau ya ba shi, ya ce wanda ya harbi kansa ba a yi masa salla, ba a kai shi maƙabarta, a tona rame nan inda yake a tura shi. Ko a littafin da ke cikin gafakarsa ba haka aka ce ba. Cewa aka yi manya su ja baya don jan kunne, sauran Musulmi su sallace shi. Amma rana ta yi zafi, gawa ta fara tara ƙuda, kowa gida yake so.

"Allah shi gahwarta Malam, hukuncin Allah ba a ja da shi," in ji Sallau yana share hanci. "A kawo dagi."

Inna ta ɗago. Sallau ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Yau ta tsayar.

"Kai, babban. Bindigar ubanku doguwa ce. Ni ban yarda ƙahwar mutum na kai ga kunama bakinta na cikinshi ba. Tsawonku guda da ƙanenka. Gwada mini in gani. In ta kai, ni da kaina zan zuba mai ƙasa."

Sallau ya ji sanyi a ransa. Ashe abin da ya rage ke nan? Bindigar da aka riga aka harba, me za ta yi? Ya ɗauke ta, ya ɗana kunama, ya tokare gindin da saiwa. Ya tuɓe takalmi. Ya ɗora bakin ƙarfen ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya miƙa ƙafa.

"Kin gani, Inna? Haka ya yi. Sai ya taka haka."

Ƙarar ta tashi tsuntsayen da ke kan gawo. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe, Sallau yana kwance rigarsa tana ci da wuta, ƙaurin babbakar nama ya cika wurin, hanjinsa yana leƙowa tsakanin yatsunsa.

"Ta ɗura kanta!" Sarkin Baka ya yi ihu yana ja da baya. "Aradu ta ɗura kanta!"

Daga bakinsa maganar ta fito, daga bakin mutumin da aikinsa ne tun farko ya zura sandar ɗuri ya gani ko bindigar wofi ce, bai yi ba.

"Rufe mana baki," in ji Inna. "Gawa ba ta ɗuri. Wanda ya harbi Harisu ya tsaya ya sake ɗura ta kahin shi ɗaga ƙahwa. Na san wanda ya koyar da wannan, na san wanda aka koya wa. Ku dubi cikin wancan, ku dubi na wanga. Ga ƙuna, ga babu."

Suka duba. Ba wanda ya sake maganar jini na wanke wuta.

Sallau bai mutu nan take ba. Yana kwance yana kallon reshen da ƙanensa ya faɗo daga kai, sai a lokacin ya tuna da hannuwansa: albarushi, tsumma, dalma, sanda. Ya nemi ruwa. Mutanen da suka ci namansa suka toshe hanci, a karo na farko. Ya juya ido wajen uwarsa.

"Sallau," in ji ta. Sau ɗaya ta faɗa, kamar mai kiran sunan baƙo. Ta ja zanenta ta rufe fuskar Harisu.

Ya ce wani abu game da akushi, ba wanda ya matso ya ji. Kafin la'asar ya cika.

Aka ɗauki Harisu aka yi masa wanka, gari duka ya bi shi salla, har Buzayen ayari suka tsaya a sahu. A kan Sallau kuwa sai sabuwar gardama ta tashi, wasu na cewa kuskure ne, wasu na cewa ai ƙafarsa ce ta taka. Malam Mahamman ya rasa yadda zai lashe abin da ya tofar a gaban jama'a. Dagin da Sallau ya ce a kawo, da shi aka tona masa rame a gindin gawo. Ba a zurfafa ba. Kura ta gama sauran.

Raƙumin Sallau ya bi ayari, ba wanda ya tsaya ya ce nasa ne. Rumbunan da aka buɗe, gara ta riga kowa. Inna ta kwashe tumakin Harisu ta koma garin Mai Yara wurin danginta. Ɗangoggo kuwa ya rayu har ya rasa haƙori, yana nan bakin matacciyar rijiya, bai taɓa rasa mai jawo masa bunsuru ba.

To, ko akwai masu ci a gindin surin nan ko babu, Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne ba aljani ya saci akushi ba, ba aljani ya yi rarrafe cikin sabara ba, ba kuma aljani ya tsaya a kan gawar ƙanensa yana cewa a kawo dagi ba. Kai mai jin barci ya ƙi zuwa saboda raƙumin maƙwabci, in wani ya ce zai ba ka duniya don ɗan abin da ba ya da daraja, tsaya ka tambaye shi su wa ke ci a cikin abin. In ka ji kana tsoron tambayar, to ka riga ka san amsar. Koma gida ka ci tuwonka, tun da sauran masu sa hannu tare da kai.